Zama a Cikin Mota a Madadin Gida: Nasiha ga Matasa

A 'yan shekarun nan hotunan motocin da aka mayar ɗakunan kwana sun cika Instagram da YouTube da TikTok, inda ake nuna wa mai kallo matashi ya buɗe ƙofar bayan motarsa a gaɓar teku ko a gindin dutse yana shan shayi, ana kuma gaya masa cewa wannan mutum ya rabu da kuɗin haya da fitinar mai gida har abada. Motar zama, kamar yadda za a kira ta a wannan rubutu, mota ce da aka girka wa gado da murhu da tankin ruwa da batir, wani lokaci har da ɗan banɗaki, ta yadda mutum zai iya kwana da girki da wanka a cikinta ba tare da ya nemi masauki ba. Tun da yake matasan Hausawa da yawa suna tafiya Turai da Amurka karatu ko ci-rani, kuma suna tarar da kuɗin haya mai cinye rabin abin da suke samu, ya dace a yi musu bayanin wannan rayuwa dalla-dalla kafin wani ya zuba ɗan abin da ya tara a cikinta.

Asalin motar da masu zama cikinta

Waɗannan motoci iri-iri ne, daga ƙaramar motar ɗaukar kaya irin su Ford Transit da Mercedes Sprinter wadda mai ita ya gyara da hannunsa, zuwa babbar mota mai tsawon bas ɗin safa wadda aka ƙera da ɗakuna tun daga masana'anta, sai kuma ɗaki mai taya wanda ba shi da inji, wata mota ce take jan sa. Kamfanin Westfalia na Jamus ya fara gyara ƙananan bas-bas na Volkswagen domin kwana a farkon shekarun 1950, kamfanin Winnebago na jihar Iowa kuma ya yi suna da manyan motocin zama tun daga shekarun 1960, yayin da yankin Elkhart na jihar Indiana ya zama cibiyar da ake ƙera mafi yawan irin waɗannan motoci a Amurka. Masana'antun ƙasar sun fitar da kimanin 600,000 a shekarar 2021 kaɗai, lokacin da annobar korona ta sa mutane suka guji otal da jirgin sama. Abin lura a wannan tarihi shi ne cewa an ƙera galibinsu ne domin hutun 'yan makonni a shekara, shi ya sa ake yin bangonsu da akwatunansu da kaya marasa nauyi, waɗanda ba sa jure amfanin yau da gobe kamar yadda ginin bulo ko na ƙasa yake jurewa.

Masu zama a mota kuwa kashi biyu ne, ko da yake hoto yakan haɗe su wuri ɗaya. Kashi na farko su ne masu abin hannu ko masu aikin da ake yi ta intanet, waɗanda suka zaɓi yawo don sha'awa, kuma suna da inda za su koma duk ranar da suka gaji. Wani matashi mai suna Foster Huntington, wanda ya bar aikinsa a birnin New York a 2011 ya shiga mota, shi ne ya yayata alamar da ake liƙa wa irin waɗannan hotuna a Instagram. Kashi na biyu su ne waɗanda larura ta tura, musamman bayan rikicin tattalin arziki na 2008, lokacin da bankuna suka ƙwace miliyoyin gidaje daga hannun waɗanda suka kasa biyan bashin da suka ci don sayen su. 'Yar jarida Jessica Bruder ta bi sawun waɗannan mutane a littafinta Nomadland na 2017, wanda Chloé Zhao ta mayar fim da ya ci babbar kyautar Oscar a 2021, kuma abin da littafin ya nuna shi ne tsofaffi da 'yan fansho da ke bin aikin lokaci-lokaci daga jiha zuwa jiha, suna ɗaure kaya a rumbunan Amazon kafin bikin Kirsimeti, suna aikin girbin wata saiwa da ake yin sukari da ita a Minnesota da Dakota ta Arewa a watan Oktoba, suna kuma share wuraren shaƙatawa a lokacin zafi. Ma'aikatar gidaje ta Amurka tana lissafa mai kwana a mota cikin marasa matsuguni, kuma ƙidayar da ta yi a dare ɗaya na watan Janairun 2024 ta sami marasa matsuguni fiye da 770,000 a faɗin ƙasar. Hangen Dala ba shiga birni ba, saboda haka matashin da hoton kashi na farko ya burge ya kamata ya auna aljihunsa ya ga wane kashi zai faɗa idan ya shiga.

Abin da kuɗin haya yake saye

Kuskuren da ake yawan yi a lissafi shi ne ɗaukar kuɗin haya a matsayin kuɗin bango da rufi kawai, alhali mai haya yana biyan abubuwa da dama a dunƙule waɗanda bai cika lura da su ba sai ya rasa su. Yana biyan haƙƙin zama a kan wani yanki na ƙasa ba tare da an tashe shi ba, yana biyan adireshin da hukuma da banki za su same shi a kai, yana biyan hanyar da ruwa zai shigo da hanyar da ƙazanta za ta fita, sannan yana samun maƙwabtan da za su san shi. Mota tana ba da bango da rufi, amma sauran abubuwan duka sai mutum ya nemo su ɗaya bayan ɗaya, kusan kullum, da kuɗinsa ko da lokacinsa ko da kwanciyar hankalinsa. Wanda ya fahimci haka ya fahimci ginshiƙin al'amarin, domin duk wahalhalun da za a ambata a gaba daga nan suka tsiro.

Mafi girman abin da aka rasa shi ne ƙasa. Mota dole ta tsaya a wani wuri da dare, kuma kowane wuri yana da mai shi, ko mutum ko hukuma. A yammacin Amurka akwai faffaɗan filaye na gwamnatin tarayya inda doka ta yarda a yada zango kyauta, amma galibi kwana 14 kawai a cikin kowane kwana 28, bayan haka sai a tashi a yi nisa. Akwai kuma wasu keɓaɓɓun wurare a hamadar Arizona da Kalifoniya inda ake biyan kuɗi a zauna daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu. Matsalar ita ce waɗannan filaye suna nesa da birane, aikin yi da makaranta da asibiti kuwa a birni suke. Wuraren ajiye motocin zama na kasuwanci, masu famfo da wutar lantarki, suna karɓar kuɗi a kowane dare ko kowane wata, wanda a kusa da manyan birane kan doshi kuɗin hayar ɗaki, kuma da yawa daga cikinsu ba sa karɓar motar da ta haura shekara 10 da ƙerawa, wato irin motar da talaka zai iya saye.

Wanda ya ce zai riƙa kwana a bakin titi kuwa ya shiga hannun dokokin gari, waɗanda suke sauyawa daga unguwa zuwa unguwa da kuma shekara zuwa shekara. A 2014 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke dokar birnin Los Angeles da ta hana zama a mota, saboda dokar ba ta fayyace abin da ta haramta ba kuma ta buɗe ƙofar zaɓen wanda za a kama, amma bayan shekaru biyu birnin ya sake rubuta wata da ta hana kwana a mota a unguwannin zama da kusa da makarantu. A 2020 masu zaɓe a garin Mountain View, inda hedkwatar Google take, sun amince da hana manyan motoci tsayawa a ƙananan tituna, bayan motocin zama sun yi layi a kansu saboda tsadar haya. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta yanke hukunci a shari'ar garin Grants Pass cewa birane suna da ikon hukunta masu kwana a wuraren jama'a ko da babu gurbi a gidajen marasa galihu. A Ingila da Wales ma wata doka ta 2022 ta ba 'yan sanda ikon ƙwace motar wanda ya sauka a filin wani ba da izini ba, ya ƙi tashi da aka nemi ya tashi, idan zamansa ya jawo ɓarna ko damuwa mai yawa, tare da tarar da ta kai fam 2,500 ko ɗaurin da ya kai wata uku. Ƙwace mota ga mai gida asara ce ta abin hawa, amma ga mai zama cikinta asara ce ta ɗaki da tufafi da takardu a lokaci guda.

Batun adireshi ya fi shafar baƙo a kan ɗan ƙasa. Lasisin tuƙi, inshorar mota, asusun banki, rajistar asibiti da takardar neman aiki duk suna buƙatar tabbataccen wurin zama, shi ya sa Amurkawa masu wannan rayuwa sukan yi rajistar zama a jihohin Texas ko Florida ko Dakota ta Kudu, waɗanda ba sa karɓar harajin albashi na jiha, su biya wani kamfani ya riƙa karɓar musu wasiƙu. Ƙungiyar Escapees da aka kafa a 1978, mai cibiya a garin Livingston na Texas, ta daɗe tana wannan hidima. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya shiga Amurka da biza kuwa doka ta wajabta masa sanar da hukuma sauyin adireshinsa cikin kwana 10, kuma wasiƙa ɗaya daga ofishin shige da fice da ba ta iske shi ba, ko ƙaramar shari'a ɗaya a kan kwana inda aka hana, tana iya taɓa izinin zamansa. Bai kamata wanda ƙafarsa ba ta kafu a ƙasa ba ya ɗauki kasadar da ɗan ƙasa ma yake ɗauka da fargaba.

Ruwa, wuta da iska

Motar zama takan ɗauki tankuna uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na bahaya, kuma na biyu da na uku sai an kai su wuraren da aka tanada a juye, sau da yawa da biyan kuɗi, domin zubar da su a titi ko a daji laifi ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum yana buƙatar lita 50 zuwa 100 na ruwa a yini don sha da girki da tsabta, ke nan tankin lita 100 ba zai wuce kwana biyu ba idan aka yi amfani da shi yadda ake yi a gida, kuma ba za a iya ƙara girman tanki yadda aka ga dama ba tun da kowace lita tana da nauyin kilo ɗaya, lasisin tuƙi na gama-gari a Turai kuwa ya tsaya ne a kan motar da nauyinta bai wuce tan 3.5 ba. Saboda haka ne masu wannan rayuwa da yawa suke biyan kuɗin shiga wuraren motsa jiki na wata-wata domin kawai su sami wurin wanka. Musulmi, wanda tsarki da alwala da wankan janaba suke cikin tsarin yininsa, ya fi kowa buƙatar yin wannan lissafi da gaske, haka nan ya tambayi kansa yadda zai raba wurin salla da wurin bahaya a fili da bai wuce 'yan taku ba.

Wutar lantarki tana zuwa ne daga farantan sola da ke kan rufi, waɗanda suke cika batir, daga nan na'urar inbata ta mayar da wutar irin wadda kayan gida suke amfani da ita. Rufin ƙaramar mota ba ya ɗaukar farantan da suka wuce 'yan ɗaruruwan wat, waɗanda sun isa fitila da waya da kwamfuta da ƙaramin firji, amma na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai tana neman wat dubu ko fiye, don haka mafi yawan masu zama a mota ba su da ita. Jikin mota ƙarfe ne da gilashi, yana ɗaukar zafi da rana ya sake shi da dare, kuma dabarar da masu yawo suke yi ita ce bin yanayi, su sauka hamada da hunturu su hau tsaunuka da bazara, tun da zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Wanda aiki ko karatu ya ɗaure a gari ɗaya ba shi da wannan mafita. A lokacin sanyi kuma numfashin mai barci da tururin girki sukan taru a jikin ƙarfe mai sanyi su zama raɓa, ta gangara bayan katako ta haifar da fumfuna da tsatsa a inda ido ba ya gani.

Haɗari mafi muni shi ne iskar kabon monoksaid, wadda take fitowa idan gas ko fetur ko gawayi ya ƙone a wurin da iska ba ta wadata ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar da ake shaƙa take kama shi sau 200 ko fiye, ta yadda mai barci zai iya wucewa ba tare da ya farka ba. Ita ce dai iskar da take hallaka iyalai a Nijeriya idan aka kwana da janareta a cikin gida, kuma ɗakin mota ya fi kowane ɗaki ƙanƙanta da saurin cika. Duk wanda zai kwana a mota mai murhu ko abin ɗumama ɗaki wajibi ne ya sanya na'urar da take ƙara idan ta ji wannan iska, ya bar kafar shigar iska a buɗe, ya kuma ajiye abin kashe gobara inda hannunsa zai kai.

Lissafin dukiya da na jama'a

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma lissafin motar zama yana tabbatar da haka ta fuska biyu. Ta fuskar kashewa akwai mai, wanda babbar mota takan sha lita 25 ko fiye a kowace kilomita 100, akwai inshora da taya da gas da kuɗin wurin tsayawa da na wanki da na intanet, sannan akwai gyara, wanda ba ya sallama kafin ya zo. Ranar da inji ko giya ya lalace, mai motar ya rasa abin hawa da wurin kwana tare, domin gareji ba ya barin mutum ya kwana a motar da ake gyarawa, sai ya biya bakanike ya kuma biya otal. Ta fuskar tarawa kuwa fili da gida galibi suna riƙe darajarsu ko su ƙara, ana gadonsu, ana iya jinginar da su a ranar buƙata, alhali mota tana faɗuwa a daraja tun daga ranar da aka saye ta, kuma kuɗin da aka kashe wajen gyara cikinta ba kasafai mai saye na gaba yake mayar da shi ba. Matashin da ya ci bashi ya sayi motar zama yana iya wayar gari bashin da ke kansa ya fi kuɗin motar.

Wasu sukan kwatanta wannan rayuwa da ta Fulani makiyaya, amma kwatancen yana nuna akasin abin da ake so ya nuna. Makiyayi yana tafiya da dukiya mai haihuwa, yana tafiya da iyali da dangi, yana bin burtalin da kakanninsa suka sani, kuma yana da mashekari da mazaunin damina da yake komawa. Mai motar zama kuwa yana tafiya da dukiya mai tsufa, sau da yawa shi kaɗai, zuwa wuraren da babu wanda ya san sunansa. Masu wannan rayuwa da kansu sun gane wannan giɓi, shi ya sa Bob Wells, wanda ya fara zama a mota a Alaska a 1995 bayan mutuwar aurensa, ya kafa taron shekara-shekara da ake yi a watan Janairu a yankin Quartzsite na Arizona, inda dubban masu motoci suke haɗuwa su koya wa juna gyara da dabarun zama. Taron 'yan kwanaki a shekara kuwa ba zai maye gurbin maƙwabcin da zai lura cewa yau ba a ga wane a masallaci ba, ko wanda zai kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Ga wanda ya tashi inda aure da suna da jana'iza da karɓar baƙo duk a ƙofar gida ake yin su, kuma inda dangin yarinya suke tambayar inda za a ajiye ta kafin su ba da ita, wannan rashi ya fi nauyin yadda yake ga Ba'amurke.

Inda motar take da amfani

Duk da haka ba adalci ba ne a ce motar zama ba ta da wuri. Ga wanda ya riga ya rasa gida, mota mai kulle ta fi kwana a titi nesa ba kusa ba, kuma tsarin da aka fara a garin Santa Barbara na Kalifoniya a 2004, inda majami'u da hukumomi suke buɗe filayen ajiye motocinsu da dare ga masu kwana a mota tare da taimaka musu neman gida, ya bazu zuwa birane da dama saboda ya amsa wata buƙata ta gaskiya. Tana kuma da amfani ga ma'aikacin da aikinsa yake yawo, ga mai lafiya marar iyali da ya iya gyaran mota kuma yake son tara kuɗi na wani ƙayyadadden lokaci, da ga mai gida da yake son tafiyar hutu. Ba abin kunya ba ne mutum ya fake a mota idan duniya ta juya masa baya, kuma bai halatta a yi masa kallon raini ba. A ƙasashen Hausa kuwa, inda zafin bazara yake haura digiri 40, inda tsaron hanyoyi ya taɓarɓare a wurare da yawa, inda kuɗin mai ya ninka tun bayan janye tallafi a Nijeriya a 2023, kuma babu wuraren juye tanki ko tsayawa da aka tanada, kuɗin da zai sayi irin wannan mota ya gyara ta ya fi dacewa da sayen fuloti a bayan gari a fara da ɗaki ɗaya.

Matashin da ya auna duk wannan kuma ya ga har yanzu yana son shiga, ya kamata ya cika sharuɗɗa kafin ya saki ɗakinsa. Ya fara gwadawa da motar haya ko ta aro a lokacin da yanayi ya fi tsanani, ya rubuta duk abin da ya kashe har da kuɗin wanka da wanki, sannan ya gwama shi da kuɗin hayar ɗaki ɗaya a gidan haɗaka, wanda sau da yawa shi ne abokin gasar motar na gaskiya. Ya sayi motar da kuɗin hannunsa, bayan bakaniken da ya yarda da shi ya duba ta, ya ware ajiyar da za ta iya gyara inji ta kuma biya masa masauki na 'yan makonni, ya tabbatar da adireshi na halal da wurin tsayawa da aka ba shi izini a rubuce, ya kuma sanar da iyayensa ko wani amintacce inda yake kwana. Daga ƙarshe ya sanya wa zaman wa'adi da manufa, kamar biyan wani bashi ko tara kuɗin kama gida, ya riƙa duba lissafinsa kowane wata, kuma idan ya ga abin da yake tarawa bai kai abin da motar take ci ba, ya sayar da ita tun tana da daraja ya koma haya.